Ragon Suna

Kande ta shanya tsummokin a bayan ɗaki, inda mijinta Malam Yahaya ba ya leƙawa. Sabulu ya kasa fitar da jan da ke jikinsu.

A shekarar ce aka yi shelar sabuwar doka a Salbado, birnin ƙetaren teku inda aka kai su bauta: duk abin da baiwa ta haifa daga yanzu ɗa ne, ba bawa ba. Kande baiwa ce mai tallan ƙosai, tana kai wa uwargijiyarta rabonta. 'Ya'yanta na fari an sayar da su gonakin rake tun ba su iya Fatiha ba. Sai ga shi, furfura ta fara leƙowa, al'ada ta ɗauke mata wata da watanni, mara ta yi nauyi. Yahaya, mai dakon buhunan sukari daga bakin jirgi zuwa tudun gari, bai jira kowa ba. Ya jawo ɗan rago ya ɗaure a tsakar gida.

Daga nan jini ya ɓalle, guda-guda, ya ƙi tsayawa.

Ta tafi wurin Goggo Zainabu, tsohuwar ungozoma da ta taɓa yi wa likitocin Turawa aiki. Tsohuwar ta danna marar, ta daɗe tana dubawa, sannan ta wanke hannu.

"Ba ɓari ba ne, 'yar nan. Ɗakin ba kowa."

"To nauyin fa, Goggo?"

"Shimfiɗa ce. Kowane wata mahaifa kan yi wa baƙo shimfiɗa, in bai zo ba ta naɗe. Idan mace ta doshi dainawa, wata sai ta yi ta shimfiɗa kan shimfiɗa har ta yi kauri. Masu jiki irinki ta fi kamawa."

"Akwai magani?"

"Sha wannan, ki ci hanta, ki ajiye tiren talla. In jinin ya ƙi, sai likita ya kankare da ƙarfe." Goggo ta kau da kai. "Wasu sun tashi. Wasu zazzaɓi ya bi su."

Kande ta hau tudu zuwa gida tana dafa bango. Ta tarar da Yahaya tsugune, yana dama wa ragon dusa, kafaɗarsa duk ta yi kanta saboda dako.

"Me Goggo ta ce?"

Ta dubi ragon. Ya yi ƙiba.

"Ta ce ciki ne."

Ba ƙarya ta yi ba. Kalmar ɗaya ce, ga mai ɗa ga mai ciwo.

"Alhamdu lillahi!" Ya miƙe yana dariya. "Muhammadu zan sa masa. Wannan kam ba wanda zai buɗe masa baki ya duba haƙora a kasuwa."

Ta ji ɗumi yana bin cinyarta. Ta zauna a kan turmi, ta ja zane ta rufe ƙafa.

"Malam," ta ce, "rage masa dusar. Da sauran lokaci."