Mayaƙin da ke Ɓuya Bayan Mai Magani

Gara a faɗi laifinsa tun farko: bai karanta littafin dokokin wasan ba. Ranar da autarsa ta miƙa masa, ya ce to, ya auna kaurinsa a hannu, sai ya lura daidai yake da giɓin ƙafar teburin falo da ta shekara biyu tana ɗingishi. Tebur ya warke, ledar kansa ta rufe asiri. Da ta tambaye shi, ya ce ya karanta tas.

Wasan na baka ne. Ran Asabar da rana ake zagaye teburin. Auta ce mai ba da labari, ita ke ƙirƙiro dazuzzuka da dodanni. Kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. Ka faɗi abin da zai yi, ka jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska ashirin, ita ce alƙali. Dogo, ɗan ƙanwarsa, matsafi ne. Ƙawar Auta, Mai Tabarau, ita ce mai magani. Shi kuma aka ba shi mayaƙi mai takobi da garkuwa, wai shi ya fi sauƙi: ka ga abu, ka sare shi.

Mutumin da a wurin aiki A-Yi-Haƙuri ake kiransa, shekara ashirin da biyu yana teburin karɓar koke. Ko kaza bai taɓa yankawa ba.

Ba son wasa ya kawo shi ba. Tun da Auta ta girma, hirarsu ta koma "ina kwana" da "na ci". Amma a teburin nan sai ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Baba, me za ka yi?" kuma ta jira amsa. Awa uku cur a mako. Shi kuwa da hankalin lido ya auna abin: wanda aka cinye, tashi yake ya ba da wuri. In mayaƙin ya mutu, kujera ta tafi.

Saboda haka ya riƙa lallaɓa ƙaton nan kamar ƙwai a cokali. In dodo ya fito, sai ya nemi a zauna a fahimci juna. Takardarsa kuwa ta ce ƙarfi sha takwas, iya magana huɗu, don haka duk sulhun da ya ƙulla da kibiya yake ƙarewa, a jikin wani. Daga baya ya koma tafiya a bayan mai magani. Dogo ya ce bai taɓa ganin garkuwar da ake yi wa gadi ba sai ta Kawu.

A mako na bakwai suka iso wata gada, dodo ya tare ta. Tsafin Dogo ya ƙare, mai magani saura numfashi ɗaya. Baba ya ce a juya, Auta ta ce bayan gadar ya rufta. Ya ce a ba dodon haƙuri, ta ce kurma ne.

"Baba," ta ce a hankali, "aikinka ke nan fa. Kai ne mai tsayawa a gaba."

Ya hura wa ƙwayar iska ya jefa. Ta yi birgima, ta bugi kofi, ta tsaya. Ɗaya.

Auta ta tsara mutuwarsa da kyau, har da yadda takobin ya riga mai shi faɗawa kogi. Ya saurara har ƙarshe, don rabon da ta yi doguwar magana a kansa haka har ya manta.

Ya miƙe, ya mayar da kujera mazauninta. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu irin na ofis, ya ce ba komai, a ci gaba.

Asabar ta gaba tun kafin su hallara ya fita wanke mota, kar a ji nauyinsa. Ta taga yana jiyo Auta tana tambayar Dogo me zai yi. Asabar ɗin da ta biyo baya ya sake wanke motar. Maman Auta ta ce fentin zai koɗe. Ta ƙara da cewa yarinyar ta ce dama ta san ya gaji da su, kara ce ta zaunar da shi. Ya ce a gaya mata ba haka ba ne. Can kuma ya ce a bari, kar a dame ta.

A shafi na tara na littafin an rubuta cewa wanda jaruminsa ya mutu, sai ya ɗauki sabuwar takarda ya rubuta wani, wasa ya ci gaba. Littafin yana nan ƙarƙashin ƙafar tebur.