Wadda Ta Amsa Kiran Mounkaila

A shekarar 1985 wata Baturiya 'yar Sikotlan mai suna Morag ta shigo unguwar Château Rouge da mai ɗaukar mata hoto, tana haɗa labarin 'yan kasuwar Afirka don gidan talabijin na ƙasarsu. Kowa ya noƙe, ban da Mounkaila mai atamfa, mutumin Maraɗi, wanda bai iya ganin baƙo a tsaye ba. Ya ba ta kujera, ya ba ta shayi, har ya koya mata cewa in an kira mutum, "na'am" yake cewa.

Bai ga fim ɗin ba. Sanyi na shigowa ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Matarsa Hassia ta koma birnin Lyon, gidan gwaggonta Zouera a unguwar Rillieux-la-Pape, ta shiga takaba da goyon 'yarsu Leïla.

Rannan da hantsi sai ga Morag da kaset ɗin fim ɗin a hannu.

"An ba ni aikin karanta labarai a Glasgow, can ƙasarmu," ta ce da Faransanci. "Ba na so in tafi da mijinki a jaka."

"Yau ga sabon salo," in ji Zouera. "Mamaci a gwangwani kamar sardin!" Sannan ta dubi Hassia. "Ki kalla in kina so, ɗiyata. Amma kin sani, ko a mafarki mamaci ya kira ki, ba a amsawa. Wanda ya amsa ya bi shi, kuma ga yarinya a nono."

Aka saka kaset. Ga shi nan da ransa, yana auna atamfa, yana dariyar nan tasa mai bayyana wushirya. Can sai ya ajiye almakashi, ya ɗago ido ya dubi cikin ɗakin.

"Hassia."

Tun aurensu bai taɓa kama sunanta ba, daga "ke" sai "uwar Leïla".

"Wannan ba ya ciki," Morag ta ce, fuskarta ta yi fari fat. "Ni na haɗa fim ɗin da hannuna."

"Hassia."

Muryar ba ta da tsoratarwa, irin ta mai neman ruwan alwala ce. Bakin Hassia ya buɗe da kansa. Sai Leïla ta ja nono da ƙarfi, Zouera kuma ta danne mata baki da tafin hannu mai ƙamshin albasa.

Ya kira na uku, ya tsaya yana jira. Morag kuwa, da ta saba ba a barin shiru a talabijin, ta kasa jurewa.

"Na'am," ta ce.

Mounkaila ya juya ido wajenta, ya yi murmushi, ya ɗauki almakashinsa.

Bayan Hassia ta fita takaba, wani kaset ya iso daga Glasgow. Ga Morag bayan tebur, cikin jar riga, tana karanta labarai da Ingilishi. A tsakiyar magana ta tsaya, ta waiwaya gefe kamar an taɓa ta. Kalma ɗaya Hassia ta gane a bakinta: "Na'am." Morag ta ture kujera ta tashi, kaset ɗin ya ci gaba da nuna kujerar har ya ƙare.

Ba su sake jin ɗuriyarta ba. Leïla ta girma, ta yi aure. Har yau in an kira Hassia ta baya, sai ta juya ta ga mai kiran kafin ta amsa.