Tsirkiyar Yunis Mai Santsi

A ƙauyenmu da ke gabashin Kafur, duk wanda ya zo sujada ranar Lahadi a waɗancan shekarun ya san Yunis. Shi ne mai kaɗa bes, doguwar gitar nan mai tsirkiya huɗu wadda ba ta rera waƙa, sai dai ta tallafe ta daga ƙasa. Yakan zauna a kan benci a gefen mawaƙa, ya manna gitar a cikinsa, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa aikina batir. Duk Asabar nakan ɗora batirin mota a bayan keke in kai shi caji Malumfashi, ranar Lahadi in haɗa shi da lasifika, in zauna kusa ina gadin waya kada wani ya take ta.

Wani malamin sakandare mutumin Gana ne ya bar wa ikilisiyarmu gitar sa'ad da zai koma gida, a 1974. Tsirkiyoyin da ta zo da su masu santsi ne sumul, kamar bayan ludayi. Shekara tara Yunis yana kaɗa su bai canza ko ɗaya ba. Idan an tashi daga sujada sai ya ɗiga man gyaɗa a tsumma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sun yi baƙi, muryarsu ta yi kauri, ba a jin ta a kunne kamar yadda ake jin ta a ƙirji.

Kiɗansa ma daban yake. Da babban yatsan dama kaɗai yake bugawa, a hankali. Hannun hagu kuwa ba ya ɗaga shi daga wuyan gitar. Jan yatsun yake yi a kan tsirkiya, sama da ƙasa, har ya isa inda yake so. Matan zumunta sukan ce bes ɗin Yunis tafiya take yi, ba ta tsalle.

Ni na san dalili, ni da matarsa Roda. Wata shekara muna cirar auduga a gonarsa na ga ƙaya ta shige masa ɗan yatsa har ta ɓullo ta gefe, shi kuwa yana ta ba ni labari. Da na nuna masa sai ya dube ni, ya zauna a kan kunyar gonar.

"Amos, ka san na yi shekara shida a asibitin mishan ina yaro."

"Kowa ya sani. Ai ka warke."

"Kuturtar ta warke. Yatsun ne ba su dawo ba. Ga su nan cif, amma daga nan zuwa nan," ya nuna gaɓar farko, "itace ne. Ko wuta na taɓa sai na ji ƙauri nake sani."

Ya gaya mini kullum da safe yana jiƙa hannuwansa a ruwa ya shafa mai, da yamma Roda ta duba su yatsa yatsa, don ƙaramin rauni a irin wannan hannu shi ke cinye yatsa. Da ido da ciki yake kiɗa. Idan zai gane kaifin abu ko santsinsa, a leɓe yake gogawa.

"Kada ka faɗa wa kowa," in ji shi. "Yau ana miƙo mini hannu a bakin coci, muna sa hannu a kwano ɗaya. Ka bar ni da wannan."

Na yi masa alkawari.

A farkon 1983 Mark ya dawo daga Kaduna. Ɗan yayar Roda ne, ya yi shekara biyar a masaƙa, kuma can ya koyi bes a wata babbar majami'a. Mutum ne mai fara'a, mai son kawun nasa ƙwarai. Ranar da ya fara karɓar gitar ya mari tsirkiya da gefen babban yatsa, ya fizgo ta ƙasa da manuni, kamar yadda ya ce ana yi a birni. Gitar ta yi wani tuf, ta yi shiru.

"Kai, Kawu! Wannan ai ba tsirkiya ba ce, igiyar shanya ce. Sun mutu tun zamanin sulai."

"Matattun ne suka aurar da rabin garin nan," in ji Yunis. "Ba ni kayana, mai marin abin da bai yi masa laifi ba."

"A Kaduna masu gurzo ake ɗaurawa. Ka taɓa su su yi ƙara kamar an buga faranti. Kai da kanka za ka ji ka koma saurayi."

"Roda ba ta neman saurayi."

Aka yi dariya, zance ya wuce.

Wannan shekarar ikilisiyoyin gundumarmu suka sa babban taron Ista a Malumfashi, aka ce mawaƙanmu ne za su ja waƙa ranar Lahadi. Ranar Asabar da hantsi na shigo coci don in ɗauki batir, sai na tarar da Mark zaune a ƙasa, gitar a cinyarsa, ga wata ambulan mai sheƙi a gefe, ga filaya a hannunsa.

"Malam Amos, zo ka ga kyautar da na yi wa Kawu. Direban tirela na aika ya sayo mini a Kaduna. Gobe zai buɗe jaka ya ga abin mamaki."

Na ɗauki ɗaya daga sababbin na ja ta a bayan hannuna. Kamar magagarin maƙera take.

"Mark, ka bar masa nasa."

"Don me?"

"Ya saba da su."

"Sabo kawai? Ai kwana ɗaya zai saba da waɗannan. Mutum dubu za su taru gobe, mawaƙan Funtua na nan, na Danja na nan. So kake a ce bes ɗinmu na minshari?"

"To, ka kwance su a hankali, ka ajiye masa."

"Sun yi tsatsa a kan maɗaurin, na gwada, sun ƙi juyawa. In da wani dalili ka faɗa mini, Malam."

Ya ɗaga kai yana kallona, yana jira. Dalilin yana bakina. Kalma uku ce ko huɗu. Na tuna mutumin zaune a kan kunya yana cewa in bar shi da wannan. Na ce a raina bari in ruga gona in kira shi da kansa, na ce a raina gonar da nisa, na buɗe baki na rufe. Ina cikin haka na ji ƙas. Babbar tsirkiyar ta yi tsalle ta naɗe a ƙasa. Sauran ukun ba su ɗauki lokaci ba.

Na bar batir na tafi gidan Yunis da guntayen a aljihu. Ashe bai ma je gona ba, na same shi a gindin mangwaro yana gyaran fartanya. Na zube su a gabansa na faɗa masa yadda aka yi. Ya ɗauki guntu ɗaya ya goga a leɓensa, ya ajiye.

"Ba za su ƙullu ba?" na tambaya.

"Ba za su ƙullu ba."

Roda ta fito daga madafa, hannunta duk gari, ta dubi mijinta. "Baban Salome, ka ce ba ka da lafiya. Mark ya kaɗa."

"Mark bai san waƙoƙin ba. Talatin da biyu ne, wata uku muna koyo. In ya sa marinsa a ciki matan nan za su watse."

"To ka naɗe yatsun da tsumma."

"A gaban mutum dubu? Su ce me ya same shi?"

"Su ce mana!"

Ya ci gaba da buga ƙotar fartanya a kan dutse.

Ranar Lahadi rana ta buɗe tun da wuri, irin zafin bazara da ke sa rumfar zana ta yi kamar tanda. Mark ya miƙa wa kawunsa gitar da hannu biyu, yana murmushi har kunne. Yunis ya ce, "Na gode, ɗana," ya zauna. Na haɗa waya na tsuguna kusa da ƙafarsa.

Gaskiya, ƙarar ta fito. Ban taɓa jin gitar nan ta yi magana haka ba. Mawaƙan Funtua suka juyo suna kallo. A waƙoƙin farko Yunis ya yi ƙoƙarin ɗaga yatsunsa yana sauke su, amma sau biyu ya sauka inda ba nan ba, shugabar mawaƙa ta waigo ta harare shi. Daga nan ya koma yadda ya saba. Ina jin ƙarar fatarsa a kan tsirkiya, shuu, shuu, a ƙarƙashin waƙar.

A waƙa ta goma sha ɗaya na ga wuyan gitar yana sheƙi. Na ɗauka gumi ne. Sai ɗigo ɗaya ya faɗo a kan batir.

"Yunis," na ce a hankali. "Hannunka."

Bai ji ba, ko ya ƙi ji. Idonsa na kan yatsun, ya fi ni ganin abin da ke faruwa. Wayar batir na hannuna. Da na zare ta shi ke nan, sai a ce batir ne ya mutu. Na riƙe ta, na ɗan ja. Ya sa ƙafarsa ya take mini hannu, ba da ƙarfi ba, bai kuma ɗaga ba sai da aka yi addu'ar rufewa.

Da aka tashi, Mark ya zo da gudu zai rungume shi, sai ya tsaya cak. Yatsu uku na hagu sun tsage, na tsakiya har ana hango fari a ciki. Jini ya bi gaban rigarsa.

"Kawu! Ba ka ji ba ne?"

"Ban ji ba," in ji Yunis. Mutane sun riga sun kewaye mu. Ya sake faɗa, yadda kowa zai ji. "Ba na ji, Mark. Tun ina yaro."

Wata mata ta ja ɗiyarta baya. Wani dattijo da ya miƙo hannu don gaisuwa ya mayar da shi cikin aljihu, sa'an nan ya ji kunya ya sake fito da shi.

Malamin asibiti ya wanke ya ɗaure, ya ce kada hannun ya taɓa fartanya ko gita sai ya rufe. Biyu suka rufe. Na tsakiya ya ƙi. Damina ta sauka, gona ba ta jira, Yunis ya fita shuka da hannu ɗaya, ɗaurin yana jiƙewa yana bushewa.

Ni kuma na shiga neman tsirkiya mai santsi. Na je Funtua wurin Lawal mai gyaran rediyo, wanda ke sayar da wayoyin gita a cikin gwangwanin madara. Ya juya guntun da na kawo a hannunsa.

"Malam, wannan ai tsohon yayi ne. Ko a Zariya ba za ka samu ba. Ka sa sanfefa ka goge masu gurzon mana."

Na saya na gwada a gida. Kwana biyu ina gogawa. Da na kusa samun santsi sai zaren ƙarfen da aka naɗe ta da shi ya tsinke, ya warware kamar bakin tsohuwar tabarma. Na je Zariya duk da haka. Na shiga shago biyar a Sabon Gari. Wani ya miƙo mini wayar birkin babur yana dariya. Mark ya rubuta wa abokansa a Kaduna, ya rubuta Legas. Kullum yana gidan kawunsa, yana yi masa noma, ba ya iya haɗa ido da shi.

A watan takwas yatsan ya yi baƙi ya fara wari. Muka ɗauki Yunis a motar kasuwa zuwa asibitin da ya yi yarinta a ciki. Suka cire na tsakiya gaba ɗaya, suka rage kan manuni, don ciwon ya riga ya ratsa. Likitar ta ce sauran ma sun fara lanƙwashewa, kada ya ƙara matsa musu.

Ana saura mako biyu Kirsimeti saƙon Legas ya iso. Mark ya kawo shi da la'asar, na rako shi. Yunis na zaune a gindin mangwaron, hannun hagu a cikin aljihun riga, inda yake zama yanzu. Roda ta buɗe masa ambulan ɗin. Ya ɗauki babbar tsirkiyar da hannun dama, ya kai ta bakinsa, ya ja ta a kan leɓe tun daga wannan kai har wancan. Ya rufe ido.

"Su ne," in ji shi.

Mark ya durƙusa. "Kawu, in ɗaura maka? Ko da yatsa biyu ne, a hankali..."

Yunis ya fito da hannun ya ɗora a gwiwa, muka dube shi mu huɗu. Ya yi ƙoƙarin miƙe yatsun da suka rage. Ƙaramin ne kaɗai ya motsa.

"Ɗaura," ya ce. "Kai za ka kaɗa. Amma waɗannan ba a marinsu."

Ranar Kirsimeti Mark ya zauna a kan bencin. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa da babban yatsa, amma hannunsa na sauri, sau da yawa yana riga mawaƙa isa. Yunis bai zauna cikin jama'a ba. Ya zo inda nake, ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da lasifika. Duk sa'ad da Mark ya yi gaggawa sai in ga kafaɗarsa ta hagu ta motsa, hannun da ke cikin aljihu yana ja sama da ƙasa.

A tsakiyar waƙa ta uku ya karkato kansa wajena.

"Amos, ƙara mini murya kaɗan."

Na kai hannu kan maɓallin. Ya riga ya kai ƙarshe. Na riƙe shi kamar ina murɗawa.

"Ya yi?" na tambaya.

Ya ƙara manna bayansa da akwatin lasifikar.