Humrar Bikin Diana

Kwalba ta uku ke nan da aka dawo wa Ya Gumsu da ita cikin wata guda. Matar da ta kawo ta wannan karon ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ta a gefen tabarma ta ce, "Wallahi ba raini ba ne, Ya Gumsu, amma humrar nan hawa kai take yi. Maigidan ma sai da ya buɗe taga."

Shekara ashirin da bakwai Gumsu tana haɗa humra da turaren wuta a gidansu da ke Fagge, ba a taɓa buɗe wa turarenta taga ba. Kakarta ce ta zo da sana'ar daga Borno, kuma ba ta bar mata rubutu ko cokalin awo ba. Abu ɗaya ta koya mata. Idan haɗi ya yi kwana bakwai a rufe, sai mai haɗin ta ɗiga ɗigo ɗaya a cikin wuyan hannunta bayan sallar azahar, ta manta da shi. Da an kira la'asar, kafin ruwan alwala ya taɓa wurin, sai ta shinshina. Abin da fatarta ta faɗa a lokacin shi ne gaskiya. In ya yi kaifi a ƙara sandal, in ya kwanta a ƙara miski.

Tun bayan ƙaramar sallah fatar ta fara faɗa mata wani abu dabam. Duk haɗin da ta gwada sai ta ji tsami-tsami a ƙarƙashinsa, kamar zanen da aka ninke da danshi. Ta ƙara sandal, bai tafi ba. Ta ƙara miski, ta ƙara farcen turare, ta ƙara turaren ruwa, har haɗin ya daina kama da na Kaka.

Ba shi kaɗai ba ne. Tana zaune ƙalau sai wani zafi ya taso mata daga ƙirji, ya bi wuya ya mamaye fuska, zufa ta jiƙa ɗankwali. Barcinta ya zama guntu-guntu. Al'adarta ta yi wata biyu ba ta zo ba, ta zo, ta sake ɓacewa. Rannan ta yi wa mijinta Alhaji Kyari tsawa a kan murfin buta, shi da bai taɓa jin muryarta sama da tasa ba. Ya dube ta kawai, ya ɗauki hularsa ya tafi shagonsa na Kantin Kwari. Gumsu ta haɗa waɗannan duka ta yanke wa kanta hukunci: garwashin da ta yi shekaru tana sunkuyawa a kansa ne ya shige jikinta, ya ƙona mata hannun haɗi. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta wanke kaskonta ta kife shi a bayan ƙofa.

Saura aiki ɗaya da ta yi alkawari, humrar wata amarya. Sista Lucia, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Zariya da ke zaune a Sabon Gari, za ta aurar da 'yarta Diana nan da mako shida. Lucia ce ta karɓi haihuwar autar Gumsu, tun daga nan zumunci ya ƙullu. Humra kuwa tana son wata guda kafin ta nuna. Idan za a fasa, gara a faɗa da wuri.

Da hantsi ta hau adaidaita. Suka daɗe a cunkoson Bata, 'yan dako suna ratsa tsakanin motoci da dilolin atamfa a ka, ita kuma tana ta jera maganar da za ta yi.

"Yau Fagge ta tuna da mu," in ji Lucia da ta buɗe ƙofa. "Shigo, Babarbariya. Ina fata kin zo min da ɗanɗano."

"Ana ɗanɗana turare ne? Ku Zage-zagi komai sai kun kai baki."

Suka gaisa, aka tambayi yara da Alhaji. Gumsu ta zauna a bakin kujera tana murza gefen mayafinta.

"Sista, na zo ne in ba ki haƙuri. Ki nemi wata ta yi wa Diana. Akwai wata a layinmu, hannunta ba laifi."

"Na yi miki wani abu ne?"

"Ko kusa. Na bar sana'ar ne."

Kafin Lucia ta amsa, zafin ya taso. Gumsu ta ji shi yana hawa, ta so ta ɓoye, amma ina. Zufa ta tsattsafo mata a goshi da saman leɓe, ta kama bakin mayafi tana fifita, alhali fanka tana juyawa a kanta. Lucia ta miƙe. Ta kawo ruwan sanyi, ta zauna tana kallonta har abin ya lafa.

"Sau nawa a rana?"

"Me?"

"Ya Gumsu, ni na riƙe ƙafarki ranar da kika haifi auta. Wace kunya ta rage tsakaninmu?"

Gumsu ta yi dariyar da ba ta shirya ba, daga dariyar kuma sai hawaye. Ta faɗi komai, har da kwalaben da aka dawo da su da murfin buta da garwashin da ya shige jikinta.

Lucia ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata 'yar kwalba da ta kusa ƙarewa. "Kin gane wannan?"

"Wadda na ba ki ce bara, da Kirsimeti."

"Lokacin hannun bai ƙone ba ke nan. Miƙo." Ta ɗiga mata ɗigo a wuyan hannu, ta ɗiga a nata. "Yanzu ki zauna. Na ɗora doya, ba inda za ki."

Suka ci doya da miyar ƙwai, suka yi hirar anko da tsadar zauren biki. Gumsu ta yi alwala tana kaffa-kaffa da ɗigon, sai Lucia ta tuna mata ai dole ruwa ya bi wurin, don haka bayan ta idar da azahar a ɗakin Diana aka sake ɗigawa. Can da aka jiyo kiran la'asar daga nesa, Gumsu ta kai hancinta hannunta. Tsamin nan yana nan. Ta ɗago ido a karaye.

"To shinshina nawa," in ji Lucia.

Ta kama hannun Lucia. Ta daɗe ba ta sake shi ba. Sandal ne a kwance, miski a bayansa, da ɗan ɗumin farce can ƙasa, daidai yadda ɗakin Kaka yake in an shiga da safe.

"Kwalba ɗaya ce fa," in ji Lucia. "Turarenki lafiyarsa ƙalau, ke kika yi ta ɗura masa magani. Ma'aunin ne ya motsa. Jinin al'ada ne yake shirin ɗaukewa, shi ya kawo zafin da zufar, kuma zufar tana sauya yadda ƙamshi ke zama a fata. Wasu ma hancin nasu kan ɗan sauya. Ni da nawa ya zo ina wurin aiki, kaina nake cusawa a firjin allurai."

"Amma shekarata arba'in da tara kawai."

"Lokacinsa ke nan. Iyayenmu ba sa faɗa ne, sai dai ka ga tsohuwa da mafici ko'ina."

Gumsu ta saki hannun Lucia. Ta tuna maficin kaba da Kaka ba ta rabuwa da shi, da kuma shekarun da takan kira ta, tana 'yar budurwa, ta ce, zo nan, ara min hannunki. A lokacin ta ɗauka koya mata ake yi.

Ranar Talata Lucia ta raka ta asibiti wurin Dakta Mahbuba, likitar mata. Likitar ta auna hawan jininta, ta duba ƙirjinta, ta yi tambayoyi masu yawa: ko an taɓa samun ciwon dajin mama a danginsu, ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko al'adar tana zuba fiye da kima. Ta tura ta gwajin jini don a tabbatar ba wani ciwon ne ya ɓuya a bayan wannan ba. Sannan ta yi mata bayani a tsanake. Ba cuta ba ce, ta ce, amma ba dole ba ne mace ta zauna tana wahala. Akwai maganin da ke mayar wa jiki kaɗan daga sinadarin da ya ragu, na sha ko na liƙawa a fata, sai dai ba kowace mace ya dace da ita ba, shi ya sa ba a saye a kemis da ka. Akwai wasu magungunan ga wadda wancan bai karɓa ba. Akwai kuma na shafawa idan bushewa ta dame ta wajen kwanciyar aure. Nan Gumsu ta sunkuyar da kai, likitar kuwa ta ci gaba da rubutu kamar maganar ciwon kai ta yi.

"Ki riƙa tafiya da ƙafa, Hajiya, saboda ƙashi. Ki rage shayi mai yaji. Sai an shekara cur babu jini ake cewa ya ɗauke, kuma in ya dawo bayan haka ki zo da sauri."

"Garwashi fa, likita?"

"Zai iya tayar miki da zafin, amma ba shi ya kawo shi ba. Ki fito da kaskon tsakar gida, inda iska take."

Da sakamakon ya fito lafiya, aka ɗora ta a kan ƙaramin awo na maganin, aka ce ta dawo bayan wata uku. A ranar ta faɗa wa Alhaji Kyari, tana kallon bango. Ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe. Ni da na ɗauka ni na yi laifi." Washegari ya dawo daga kasuwa da yadin auduga mara nauyi, kala uku, ya ajiye mata a bakin gado.

Gumsu ta ɗauko kaskon daga bayan ƙofa. Ta koma haɗin farko, yadda hannunta ya san shi tun kafin ta fara gyare-gyare, ta rufe kwalbar kwana bakwai. Ranar Asabar Lucia ta zo Fagge da Diana. Bayan azahar Gumsu ta ɗiga wa amaryar ɗigo ɗaya.

"Kada ki shinshina, kada ki taɓa ruwa, sai an kira salla."

"Mama Gumsu, ko waya ba zan riƙe ba?"

"Riƙe da ɗayan. Angon ba zai gudu ba."

Diana ta zauna a inuwar tsakar gida, hannu a miƙe a kan gwiwa, tana ta tambayar ƙarfe nawa ake kiran la'asar. Sau ɗaya zafin ya taso wa Gumsu. Ta ɗauki mafici ta yi fifita a gabansu, ta ci gaba da labarin da take bayarwa.

Da ladan ya ɗaga murya, ta jawo hannun yarinyar ta rufe ido.

"Yaya?" in ji Lucia.

"Yana son sandal kaɗan." Ta miƙa hannu ta jawo gwangwanin sandal ɗin. "Kaɗan fa. Sauran wata guda zai ƙarasa da kansa."