Ƙwayar da Ummaru Ya Haɗiya da Sahur

Ummaru ya ɗora buhu na uku a bayan babur. Ya ja roba da ƙarfi ya ƙulle. Ko hantsi bai yi ba, amma gumi ya riga ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Yau da kaya ka yi wanka?" in ji Sadiƙ, abokin aikinsa, wani siriri da ko iska mai ƙarfi sai ta nemi kayar da shi.

"Kitse ne ke narkewa," in ji Ummaru. "Kai mi ka sani game da kitse?"

Tun da shari'a ta zo, mata suka ja baya da hawa babur, Ummaru ya bar ɗaukar fasinja ya koma dakon hatsi daga kasuwar Jibiya zuwa Ɗan Isa, ta hanyar rairayi. Babur ɗin na Alhaji Rabe ne. Shi kuwa Ummaru Allah ya yi shi da jiki, ga son fura da sukari, ga tuwon Salmatu matarsa wanda ba a ci a tashi da wuri. A bana taya ta yi ta fashe masa a hanya har Alhaji ya gaji da saye. Ana saura kwana kaɗan a kama azumi ya kira shi ya ce, "Kai kaɗai buhu biyu ne. In ba ka rage ba, bayan Sallah Sadiƙ zan ba mashin ɗin."

Maganar ta tsaya wa Ummaru a rai. Da wannan babur yake ciyar da gida, ba gona gare shi ba, ba jari. Shi ya sa da ya ga wani mai tallan magani daga Maraɗi ya baza kwalabe a bakin tasha, ɗaya da hoton wani Bature mai ciki kamar faranti, bai yi wata-wata ba ya saya. Mai maganin ya ce ƙwayar da ke ciki ƙona kitse take yi ƙurmus, a sha ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Rubutun jikin kwalbar na Faransanci ne, Ummaru bai ko wahalar da idonsa ba.

To, sai ga azumi. Mai azumi ina ya ga safe, ina ya ga rana? Ummaru ya yi lissafinsa shi kaɗai, lissafin da ya ga babu malamin da zai kushe: tunda baki a rufe yake har faɗuwar rana, sai a haɗa ukun a haɗiye da sahur. Azumi na ƙonawa ta nan, ƙwaya na ƙonawa ta can. Salmatu ta ce masa, "Malam, wannan abu da ke hana ka barci, anya?" Ya ce mata maganin ne ke aikinsa.

Da safen nan dai, bayan ya gama ɗaure buhunan, ya tayar da babur ya bi ta bayan garin Magama. Da ya shiga rairayi ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku, bakinsa ya bushe har harshe na manne wa ganɗa. Ya ce a ransa bari ya kai gindin bishiyar bedin can ya huta. Bai kai ba. Hanya ta rabu biyu a idonsa, ya zaɓi wadda babu, babur ya kwanta da shi.

Sadiƙ da ke biye da shi ne ya tsayar da wata a-kori-kura, aka kinkime shi da ƙyar, mutum huɗu suna nishi.

Ya farfaɗo a asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Azumina."

"Ka rama bayan Sallah," in ji malamar asibitin, wata dattijuwa mai suna Amatullahi da ba ta san wasa da ciwo ba. "Allah bai ce ka kashe kanka ba."

Salmatu na tsaye a gefe, idanunta sun yi ja. Ita ta kawo kwalbar daga gida. Malama Amatullahi ta juya ta a hannu ta ce, "Ni ban san abin da suka zuba a ciki ba, kuma na tabbata wanda ya sayar maka bai sani ba. Abin da na gani a jikinka dai, ta tsotse maka ruwa, ta sa zuciyarka gudu. Kitsenka kuwa yana nan inda ka bar shi. Ga jininka ya hau. Uku a tashi ɗaya, da azumi a baki! Ka gode wa Allah."

Kunya ta kama Ummaru, ga baƙin ciki. Ya sha wuya a banza, babur kuma ya tafi. Ya juya fuska bango don kada Salmatu ta ga idonsa.

"In kana son raguwa, za ka ragu," malamar ta ƙara, muryarta ta ɗan sauko. "A hankali ne. Ka bar sukarin nan, a rage maka malmala, ka riƙa zuwa tasha da ƙafa. Ka dawo in riƙa auna ka."

"Malmalar a hannuna take," in ji Salmatu.

Bayan la'asar sai ga Alhaji Rabe, yana tafe yana haki, don shi ma ba baya ba ne wajen tumbi. Sadiƙ na bayansa yana ɗingishi, gwiwar wandonsa a yage. Ummaru ya yunƙura zai tashi, Alhaji ya ce ya kwanta.

"Alhaji, mashin ɗin..."

"Mashin lafiya lau. Tambayi wanga." Ya nuna Sadiƙ da haɓa.

Sadiƙ ya sosa ƙeya. "Cewa aka yi in ƙarasa da kayanka. Ina hawa tudun nan na rairayi, gaban mashin ya tashi sama, buhuna suka rinjaye ni. Na tashi na sake hawa, ya sake ɗagawa. Ashe kai ke danne shi."

Salmatu ta rufe baki da mayafi. Ummaru ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa har robar hannunsa na lilo.

"Buhu uku sai mai nauyi," in ji Alhaji. "Na yi garaje. Ka warke ka zo ka ɗauki abinka, taya kuma zan sa a sawo mai ƙwari daga Maraɗi. Amma ka ragu kaɗan, don Allah, ba don mashin ba."

Wani sanyi ya ratsa Ummaru tun daga ƙirji har ƙafa. Ya yi godiya, ya sake yi.

Da Salmatu ta fita neman abin buɗa-baki, Sadiƙ ya bi ta da kwano, Alhaji ya jawo kujera ya matso. Ya waiga ƙofa, ya shafa cikinsa, ya rage murya.

"Wai ni, ƙwayar nan. In mutum ya bi ta ɗaya-ɗaya, yadda aka ce... da saura?"

Ummaru ya dube shi, ya dubi gadon da ke gefensa wanda babu kowa a kai.

"Da saura, Alhaji, tana wajen malama," ya ce. "Amma in za ka karɓa, ka fara kama gadon can tukuna."