Ranar da Masai Ya Riƙe Badaru

"Ja da ƙarfi mana, Malam!" in ji Barira, matar Badaru.

"Ke, in da ja ne ai da tuni na fito."

Badaru na tsugune a tsakar gida, gumi na ɗiga daga gemunsa. Hannunsa na dama ya shige maƙogwaron masan tangaran har kusa da gwiwar hannu, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Kada ku ce masai ne ya biyo shi waje, shi ya ɗauko abinsa. Badaru akawu ne a ofishin gona na Lafia, kuma duk layinsu gidansa kaɗai ke da masai irin na zama, mai tanki da sarƙar ja. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidan ba sai an nuna masa shi. Ranar Laraba abin alfaharin ya toshe. Aondona mai gyaran famfo ya zo ya leƙa, ya ce naira ashirin da biyar. Lokacin gwamnati na ta kiran a tsuke bakin aljihu, Badaru kuwa tun kafin a yi kiran nasa aljihun a ɗinke yake.

"Oga, wannan aiki ba na biro ba ne fa," in ji Aondona yana tattara kayansa.

Badaru ya ce wanda ya iya haɗa rahoton takin zamani na shekara guda, kwano ba zai gagare shi ba. Ranar Asabar da hantsi ya aro sifana wajen mai facin keke, ya kwance notuna, ya farfasa simintin gindin, ya rungumo masan ya kawo inda haske yake. Ya wanke shi da bokiti uku, ya zura hannu, ya taɓo murfin buta a can cikin lanƙwasa. Ya ƙara turawa, ya damƙe shi. Shi ke nan, masai ma ya damƙe nasa.

"Bari in aika a kira Aondona," in ji Barira.

"In biya kuɗin gyara, in kuma biya na dariya? Ban yarda ba."

"To in kawo taɓarya mu fasa."

"Ki fasa me? Daga Jos na ɗauko shi a kan cinyata!"

Suna cikin haka aka yi sallama a zaure. Barira ta dafe ƙirji. Muryar mahaifinta ce, Malam Babandi mai gishiri, daga Awe, ba aike ba sanarwa.

Shekara bakwai da auren, Badaru da surukinsa ba su taɓa haɗa ido ba. In tsohon ya zo, Badaru zai durƙusa ya gaishe shi, ya sulale ya bar gidan har sai ya tafi. Saboda wannan kunyar ce Malam Babandi ke bugun ƙirji a kasuwar Awe, yana cewa 'yarsa ta auri mutum mai kamala. Yanzu a ce ya tarar da mai kamala da hannu a masai? Badaru ya ji gara ƙasa ta tsage ya shige.

"Rufa mini asiri, Barira," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta fizgo babbar rigarsa daga kan igiya, ta lulluɓe shi har da masan. In ka hango sai ka ce wani ƙaton attajiri ne ya durƙusa.

Tsohon ya shigo da ƙunshin gishiri. Ya ga surukinsa a ƙasa tun kafin ya ƙaraso, ya kau da kai, ransa ya yi fari. Barira ta shimfiɗa masa tabarma a gindin gwaiba.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya aiki?"

"Da godiya, Baba."

Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Nan ne ya kamata Badaru ya tashi ya ɓace. Bai motsa ba.

"Tashi mana, ɗana."

"A'a Baba, nan ma ya isa."

"Kai, madalla da tarbiyya," in ji tsohon, yana kallon gwaiba.

Barira ta kawo ruwa da sakwara da miyar agushi. Malam Babandi tun asuba yake cikin mota, yunwa na cinsa, amma ina shi ina buɗe kwano a gaban suruki? Sai ya sake sabuwar gaisuwa, ko yaron zai gane ya ba shi wuri. Yaya damina? Da godiya. Yaya manyan ofis? Suna lafiya. Doya ta sauko kuwa a Assakio? Ta ɗan sauko. Gaisuwa ta ƙare kaf, sakwara ta huce. Ƙafafun Badaru suka mutu, hannunsa ya fara zugi, wani ƙuda kuma ya zo ya sauka a kan hancinsa kamar an aiko shi. Barira na bakin madafa tana cusa gefen zane a baki, ita kanta ba ta san ko kuka za ta yi ko dariya ba.

Can tsohon ya gyara murya. Bai kira sunanta ba, 'yar fari ce.

"Ke, ba ni buta."

Barira ta dubi mijinta, mijinta ya dubi ƙasa. Ta miƙa butar da hannu biyu. Tsohon ya nufi banɗaki, ya tura ƙofa, ya shiga.

Bai daɗe ba ya fito. Ya bi ta bayan Badaru a hankali, ya ɗan tsaya inda gefen rigar ya ɗage, wani farin abu na leƙowa kusa da ƙafar surukinsa. Ya wuce ya zauna, ya juya musu baya.

"Ikon Allah," ya ce wa gwaiba. "Ana ta ba mu labarin banɗakin zamani. Ashe rami ne irin namu."

Badaru ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

"Ke, kin tuna wani bawan Allah a garinmu da ya sa hannu a tulun gishiri ya ƙi fita?"

"Ban tuna ba, Baba."

"Kina ƙarama. An ja, an ja, har za a fasa tulun. Sai wata tsohuwa ta ce a jiƙa karkashi, a tsiyaya yauƙin ta gefen hannun. Ta ce kuma a gaya masa ya saki abin da ya damƙa, don dunƙulallen hannu ba ya fita ta inda buɗaɗɗe ya shiga." Ya miƙe, ya karkaɗe riga. "Ajiye mini abincin. Zan leƙa kasuwa in ga wani aboki, sai bayan azahar."

Ko takalminsa bai gama fita zaure ba Barira ta jiƙa karkashi. Ta tsiyaya, ta ce, "Saki murfin, Malam."

"In sake shi bayan duk wannan wahala?"

"Wallahi ko ka saki ko in ɗauko taɓarya."

Ya saki. Hannu ya sulɓo sumul, ya kumbura ya yi jawur. Barira ta karkata masan, murfin buta ya faɗo ta ɗaya bakin da kansa, ya gangara har gindin murhu.

Badaru ya yi wanka da sabulu sau uku. Yana shafa man zafi a hannu, ƙarfin hali ya fara dawo masa.

"Kin san Allah ya rufa asiri? Bai gane ba. Labarin tulun nan dacewa ce kawai, tsofaffi ba sa rabo da labari."

"Haka ne, Malam," in ji Barira, ta juya fuska.

Da la'asar tsohon ya ci abincinsa shi kaɗai, ya yi shirin tafiya tasha. Badaru ya zo ya durƙusa a bakin zaure, wannan karon da ƙafafun kansa.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba. A gaida mutanen gida."

"Za su ji. Allah ya yi albarka." Tsohon ya laluba aljihu, ya ciro wani abu a naɗe cikin takarda, ya miƙa wa 'yarsa, idonsa na kan titi. "Ga wannan, na gani a kasuwa. Ki ba maigidan naki ya riƙa cin tuwo da shi, ko na kwana arba'in ne. Ni ban ga komai ba, Awe ma ba za ta ji komai ba."

Sai da ya sha kwana Barira ta warware takardar. Sabon cokali ne.