Tsiron Dawar Nahum

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, cikin watan Yuli na shekara ta biyu ta korona. Ina wanke kwanon jikata a gidanmu na unguwar Sentul, hawa na tara, sai wayar Kindness ta yi ƙara. Kindness matar ɗana Nahum ce. Na ji ta amsa wa likita sau uku, daga nan ban ƙara jin muryarta ba. Da na leƙo sai na same ta zaune a ƙasa, wayar a cinyarta. Ban tambaye ta ba, na san Nahum ya tafi. Kwanansa goma sha ɗaya a asibiti, ba a bar ko ɗayanmu ya shiga ba. Bison ma a waya muka kalla, wasu mutum huɗu cikin fararen kayan roba suka sauke shi.

Sunana Rifkatu, daga Zonkwa nake. Wankan jego ya kawo ni Kuala Lumpur, wata uku aka ce zan yi, ban cika guda ba aka rufe ƙasa. A aji huɗu na tsaya a makaranta, don haka abin da na tuna shi zan rubuta.

Karatun kimiyyar abinci ya kawo Nahum. Da ya gama sai ya samu aiki a wani ɗan ƙaramin gidan yin giya na wani ɗan Caina na nan ƙasar, Mista Khoo. Su biyar ne duka ma'aikatan. Suna da kala uku da ba sa yankewa duk shekara. Yadda ya kwatanta mini, akwai fara mai sauƙi, akwai mai ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, sai baƙa mai ƙanshin ƙonannen hatsi. Bayan su akwai na lokaci, waɗanda ake yi tukunya ɗaya, in ta ƙare sai baɗi. Ta sabuwar shekarar 'yan Caina da ɓawon lemu ake yi, ta tsakiyar shekara da abarba. Nahum yakan ce ƙasar nan ba rani ba damina, sai an duba kwalba ake sanin wata ya canza. Ta Disamba Khoo ya bar masa ya yi yadda yake so, shi kuma ya ce da dawa zai yi, irin ta gida.

A nan muka samu saɓani. Shekara goma sha shida ina dafa burukutu a Zonkwa, a gindin tukwanena ya girma. Amma ranar da na shiga Zumuntar Mata na tsaya gaban ikilisiya na ce na bari, na kife tukwanen da hannuna. Ya sani, yana wurin.

"Mama, tsiron kawai," in ji shi. "Nawa kullum fumfuna yake yi."

"Kai da digiri biyu?"

"Digirin bai san dawa ba. Ki duba mini sau ɗaya, ko da ido ne."

"Na yi wa Ubangiji alkawari. Je ka tambayi na'urarku."

Sai ya juya wajen matarsa ya ce, "Kin gani ko? Shugabar kamfani ta yi ritaya, ta bar mu da yara." Na ɗaga masa ludayi, ya gudu baranda yana dariya. Disambar farko ta wuce ba a yi giyarsa ba.

Wata uku bayan rasuwarsa Khoo ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi a fuska, ya miƙo ledar tapau, wato abincin saye da aka ƙunso, ya ce, "Anti, makan," wai in ci. A ɗaya hannun yana riƙe da littafin aikin Nahum da wani ƙaramin buhu. Kindness ce ke fassara mana. Ya ce yana so ya yi ta Disamba da sunan Nahum. Sau biyu ya gwada tsiron, duka ya lalace, in Nuwamba ta raba tsakiya ba a samu ba, shekarar ta wuce.

Na ce, "Ki gaya masa na gode da abinci."

Ya sunkuyar da kai, ya ajiye littafin da buhun a gindin takalma ya tafi.

Kwana uku suna nan ban taɓa ba. A na huɗu Kindness ta ɗauko littafin ta zauna kusa da ni. Duk Turanci ne da lambobi, sai a shafin tsiro, a gefe, ya yi rubutu da Hausa. Ta karanta mini. Layin farko, a tambayi Mama. Ƙarƙashinsa, ta ƙi. Sai kuma, ta sake ƙi amma ta yi murmushi. Na ƙarshe da wani biro daban ya rubuta, a bari sai ta huce.

Kindness ta yi kuka. Ni hawaye bai zo ba, na rasa inda zan sa hannuna, sai na je na kwance buhun. Wani wari ya buge ni, dawar ta yi furfura kamar tsohon burodi.

"Wa ya yi wa dawa wannan wulaƙanci?"

"Mama, awannin da ke littafin suka bi."

"Awanni. An lulluɓe ta da leda ana jiran agogo. Ɗauko mini waya."

Mama Laraba na kira, uwar zumuntarmu a Zonkwa. Na faɗa mata abin da zan yi. Ta ce, "Rifkatu, ai ko kunun zaƙi da tsiro ake yi."

"Kada ki sauƙaƙa mini, Mama. Na san abin da za a yi da shi. Ba izini nake nema ba, so nake ki ji daga bakina."

"To kin san dokar. In kin dawo, kujerar baya a coci, wata uku."

"A ajiye mini ita."

Farar dawar da Indiyawa ke sayarwa a kedai, wato kanti, ba ita nake so ba. Ja nake nema, muka same ta a shagon masu abincin tsuntsaye. Na jiƙa mudu biyu kwana ɗaya, na tsane, na shimfiɗa, na rufe da ganyen ayaba, ina yayyafa ruwa safe da yamma kamar yadda nake yi a gida. A rana ta uku na ɗaga ganyen sai ga fumfuna. Nawa, na hannuna.

Ranar ce na yi kuka. Ni duk a zatona sakaci Nahum yake yi, yaro da takarda. Ashe iskar garin ce, garin da ko tawul ba ya bushewa. Yadda na koya masa da ido yana yaro haka ya yi, ya yi daidai, abin ya ƙi, ya zo wurina na tura shi wajen na'ura.

Na biyu ma bai yi ba. A na uku na cire ganyen, na baza dawar siriri a faranti, na kunna fanka, ina juya ta da hannu sau huɗu a yini. Ruwa kuwa sai na damƙi hatsin na ji ya daina manne mini a tafi. Kwana huɗu farin tsiro ya fito, ƙanshinsa kamar sabuwar rake. Khoo ya kawo buhu biyu da faranti ashirin, muka cika falo da baranda har ƙarƙashin tebur. Ya zo da ma'aunin zafi da biro.

Kindness ta ce, "Wai awa nawa zai rubuta?"

"Ki ce masa ya ciza."

Ya janye takunkumi ya ciji ƙwaya ɗaya. Ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Boleh lah, Anti," wato ya yi. Ya mayar da biron aljihu. Shi ya kwashe ya busar a tandarsu, don ranar garin ba a dogara da ita.

Sati biyu kafin Kirsimeti ya kawo kwalba ɗaya, an rubuta Nahum a jikinta. Na zuba a kofi, na sansana, na tsoma yatsa na ɗora a harshe. Ta yi haske da yawa, a Zonkwa da an dawo mini da ita an ce na cika ruwa. Amma tsamin ya zauna inda ya kamata. Na ce Kindness ta faɗa masa duka biyun.

Cikin kwana tara aka saye giyar duka, ta ƙare. Bayan sabuwar shekara Khoo ya dawo, ya ce mutane suna ta tambaya, yana so ta zama ta huɗu cikin na kullum. Na ce a'a. Disamba ɗana ya rubuta a littafi, Disamba za a yi. Alkawarin da na karya sau ɗaya a shekara ya ishe ni ɗauka. Bai ja ba, ya ce to sai Nuwamba.

An buɗe ƙasa, amma Kindness ta ce in ƙara zama, aiki ya yi mata yawa ga yarinya. Ba na barin faranti ɗaya ya zauna babu komai, don har yanzu ban gama sanin iskar garin nan ba, kowane wata da halinsa. In tsiron ya yi, kunu nake damawa mu sha, in zuba sabo. Kowace safiya in na idar da addu'a nakan fita baranda, in damƙi dawar in ji ko tana son ruwa, in juya ta, sannan in ɗora shayi.